Gizon Amurka a ɗakunan Play na Tamanrasset

Wata uwa ta tare ni a ƙofar lakwal ana tashi, ta riƙo ɗanta a hannu, ta ce: "Malam, don Allah ka yi wa yaron nan magana. Duk kuɗin karin kumallon da nake ba shi wajen gizo-gizo yake kai su." Na ɗauka wani mai sayar da alewa ne ake yi wa wannan laƙabi. Sai da yaron ya sunkuyar da kai ya ce, "Shehi, Spider-Man take nufi," sannan na gane. Na yi masa faɗan da aka saba yi, na ba uwar haƙuri, muka rabu. A hanyar gida abin ya tsaya mini a rai. Na tsawata wa yaro a kan abin da ban taɓa gani da idona ba, ni da aka koya wa a makarantar horon malamai cewa ba a sa jan biro a takardar da ba a karanta ba.

Da hutun hunturu ya zo a ƙarshen Disamba, sai na aro PlayStation 4 ɗin ƙanena da faifan wasan, na haɗa da talabijin ɗin ɗaki. Na yi dare kusan 12 ina zaune bayan isha'i, bargo a kafaɗa saboda sanyin Hoggar, maiɗakina tana yi mini dariya wai malami ya koma ɗalibi. Na kai ƙarshen labarin cikin awa 20 ko kusa da haka. Daga nan na shiga ɗaya daga cikin ɗakunan wasan da ke kartiyenmu, na zauna a kujerar baya yamma biyu, ina kallon yadda yara ke buga shi. Abin da na fito da shi ke nan: wasan yana da tsaba, yana da ƙaiƙayi, kuma yadda ake sayar wa yaranmu shi awa-awa, ƙaiƙayin kawai suke kwasowa. Iyayen da ke cewa shirme ne ba su ga tsabar ba. Yaran da ke rantsuwa babu kamarsa, su ma ba su gan ta ba.

Ga wanda bai san shi ba, sunansa Marvel's Spider-Man. Kamfanin Insomniac Games na jihar Kaliforniya ne ya ƙera shi, Sony ya fitar da shi ranar 7 ga Satumba 2018, kuma cikin kwana 3 na farko an sayar da kwafi miliyan 3.3. A 2019 Sony ya saye kamfanin ɗungurungum a kan dala miliyan 229. Shi kansa jarumin ya girmi iyayen yaran da ke buga shi, domin a 1962 Stan Lee da Steve Ditko suka fito da shi a mujallar labarin zane mai suna Amazing Fantasy, fitowa ta 15. An yi wa wasan ƙanne biyu, a 2020 da 2023, amma na 2023 ba ya hawa PS4, kuma PS4 ce na tarar jere a ɗakin da na shiga. Don haka tsohon ne har yanzu ke cin kasuwarsa.

Ƙarfinsa na farko, wanda ko maƙiyinsa ba zai musa ba, shi ne tafiya. Ka danne maɓalli ɗaya a manet, jarumin ya harba zaren yana ya maƙale a bango, ya yi lilo, ka saki daidai lokacin da ya kai ƙololuwa, ya tashi sama, ya sake harba wani. Cikin minti 5 yaron da bai taɓa riƙe manet ba ya iya. Bayan awa 10 kuma kana nan kana gano yadda za ka ƙara gudu: ka nutso ƙasa kamar shaho, ka ja zare dab da rufin motoci, ka bi bango da gudu, ka zagaye kusurwar bene ba tare da ƙafarka ta taɓa titi ba. A aikin koyarwa wannan ne muke nema kullum muna rasawa, darasin da ƙofarsa ke da faɗi ga mai rauni, cikinsa kuma da zurfi ga mai ƙoƙari. Abin da ya ƙara burge ni, zaren ba a iska yake kamawa ba, dole sai da gini ko itace. In ka shiga Central Park, babban lambun tsakiyar Manhattan inda babu benaye, sai ka ga jarumin ya yi ƙasa-ƙasa yana neman reshe. Akwai jirgin ƙarƙashin ƙasa da zai kai ka wata unguwa nan take, har a nuna maka shi tsaye cikin fasinjoji da rigarsa yana latsa waya. Sau biyu ko uku na shiga. Lilon ya fi daɗi.

Wani ɗalibina ya ce mini, "Shehi, da a Tam yake, da ƙafa zai yi ta yawo." Gaskiyarsa. Daga Gat el-Wad zuwa Tahaggart zuwa Sersuf, ina benen da zai rataya? Sai dai ya nufi dutsen Adriyan.

Mu Hausawa ba daga Amurka aka fara kawo mana gizo ba. Gizon tatsuniya, mijin Ƙoƙi, wanda kakanninmu suka taho da shi daga Agadas da Tawa da Damagaram, makwaɗaici ne mai wayo da tsamin baki, ba ya yi wa kowa aiki sai cikinsa. Muna dariyarsa, muna kuma koyon kada a cuce mu. Na Amurka halinsa daban ne sarai. Ƙarfi gare shi, amma ƙarfin ya zame masa bashi, kullum yana biyan mutanen gari, kullum bashin yana nan.

A nan tsabar take. Peter Parker na wannan wasa ba yaro ba ne, shekararsa 23, ya yi 8 yana sa wannan riga. Tun a mintocin farko ana turo masa takardar kuɗin haya ta ƙarƙashin ƙofa. Can gaba a kore shi daga ɗakin, a zubar da kayansa, kai da ke riƙe da manet ka bi motocin shara cikin dare kana neman abin da ya rage. Mutumin da ya kama babban ɗan ta'addar birni, Wilson Fisk, ya rasa wurin kwana, ya je ya miƙe a kan kujerar ofishin Inna May, matar baffansa da ta rene shi bayan ya zama maraya. Ita kuma aiki take a F.E.A.S.T., gidan da ake ciyar da marasa galihu ana ba su makwanci. In ka shiga gidan nan babu lilo, babu duka. Da ƙafa kake tafiya tsakanin gadaje, kana jin hirar mutanen da suka rasa aiki ko muhalli. Duk wanda ya taɓa leƙa gidajen da baƙi ke sauka a garin nan, ya ga tabarmi jere a tsakar gida da tukunya ɗaya ta kowa da kowa, ba sai an fassara masa ba. Ban zaci zan ga talauci a wasan jarumi ba, balle a nuna shi ba tare da izgili ba.

Abin da ya fi taɓa ni, wataƙila saboda sana'ata, shi ne tsakaninsa da malaminsa, Dakta Otto Octavius. Peter yaron aikinsa ne a ɗakin gwaje-gwaje, suna ƙera hannuwan roba masu motsi don waɗanda suka rasa gaɓa. Wanda ya san littattafan zanen ya san tun farko cewa wannan dattijo zai zama mugun nan mai hannuwan ƙarfe huɗu. Wasan bai yi gaggawa ba. Yana barin ka ka zauna da shi, ka gyara masa wayoyin lantarki, ka ji yana yabon ka, ka ga magajin gari Norman Osborn ya zo ya datse masa tallafi ya kwashe kayan aiki, ka kuma gano cewa wata cuta tana cin jijiyoyinsa, nan gaba kaɗan hannuwansa ba za su bi umarninsa ba. Na'urar da ya dasa don ta cece shi ita ta taɓa masa hankali, tsohuwar gabarsa da Osborn ta samu ƙofa. Haka ma Martin Li, wanda ya kafa gidan marasa galihun, shi ne kuma shugaban ƴan ta'addar da ke sa fuskokin dodanni: yana yaro aka yi gwajin magani a jikinsa, iyayensa suka mutu a dalilin haka. Ba a wanke su ba, an dai nuna ta inda ɓarakar ta fara. Faɗan ƙarshe tsakanin ɗalibi da malami ne, kuma ɗalibin yana dukan mutumin da ya fi girmamawa yana hawaye. Na ajiye manet na ɗan yi shiru a daren nan.

Mai son ya buga da kansa ya tsallake wannan sakin layi. Octavius ya saki wata ƙwayar cuta da ake kira Numfashin Shaiɗan a dandalin Times Square, birni ya kamu, aka rufe hanyoyi, majinyata suka cika ko'ina. Ka tuna a 2018 aka yi wannan, kafin korona ta koya wa duniya takunkumi. Inna May tana jinyar mutane har ita ma ta kamu. A ƙarshe Peter ya samo maganin, ƴar kwalba guda tak. In ya yi wa Inna allura za ta tashi, amma babu abin da zai rage da likitoci za su kwaikwaya su yi na jama'a. In ya bar kwalbar a yi nazarinta, Inna ba za ta kai lokacin ba. Ya tsaya a bakin gadonta da kwalbar a hannu, ya kai hannu, ya janye. Ta cika. Wasan ba ya ba ka zaɓi a nan, kallo kawai kake yi, kuma a ganina daidai suka yi, don da an bar wa ɗan wasa da kowa ya ceci tsohuwar ya sake lodawa ya ga ɗaya ƙarshen.

To, yanzu mu shiga ɗakin wasa na kartiye. Talabijin 6, kujerun roba, labule a ƙofa, dinari 100 awa guda. Yawancin injinan ƙwallo ake bugawa a kansu, ɗaya ko biyu ne ke da Gizo. Yaro ya biya, aka miƙa masa manet, ya buɗe ajiyar da ke cikin injin, wadda wani ya riga ya kai ƙarshe tun bara. An buɗe duk riguna, an buɗe duk makamai, labari ya ƙare, Inna May ta daɗe a kabari. Abin da ya rage a birnin shi ne lilo da duka. Sai ya zaɓi riga, abokansa a bayansa suna gardamar wadda ta fi kyau, ya yi lilo na minti 10, alamar laifi ta fito a taswira, ya dira a kan mutum 8 ya lakaɗa musu duka, ya tashi, wata alamar ta fito. Mai ɗaki ya ce saura minti 5. Na tambayi yara huɗu ko sun san wace ce May. Ɗaya ya ce budurwarsa ce. Sauran suka ɗaga kafaɗa. Ba laifinsu ba ne. Labarin awa 20 ne, dinari 2,000 ke nan in za ka saye shi awa-awa, kuma ko ka fara sabo yau, gobe ka dawo ka tarar wani ya ci gaba da naka ko ya goge.

Wannan ɓangare da suke samu shi ne mafi raunin wasan, ko ga wanda ke da inji a gida. An raba Manhattan unguwa 9, an zuba wa kowace unguwa ayyuka iri ɗaya. Fashi a kanti, motar da aka sace, cinikin ƙwaya a lungu, sannan sansanonin abokan gaba inda suke zuwa rukuni-rukuni, ka gama da waɗannan wasu su fito. In labari ya ci gaba sai a sauya musu riga, ƴan Fisk su koma masu fuskar dodo, su koma fursunoni, su koma sojan haya, aikin dai shi ne. Ga jakunkunan baya 55 da za ka tsinto a jikin gine-gine, ga tantabaru 12 da za ka kamo wa wani dattijo. Jakunkunan suna da ɗan daɗi, don kowace tana ɗauke da abin tunawa da Peter zai yi magana a kai. Sauran kuwa irin aikin gida ne da malamin da ya gaji ke bayarwa: kwafi shafi kaza sau biyar. Mun san wannan dabara, ba don yaro ya ƙaru ake yin ta ba, don a cika lokaci ne. Faɗan kansa yana da kyau, akwai walƙiyar da ke fitowa a kan jarumin ta gargaɗe ka ka goce, akwai dabarun ɗaure mutum da yana a bango, kuma ba ya kisa. Ko wanda ka tunkuɗo daga saman bene za ka tarar zare ya manna shi a jikin ginin. Sai dai abinci ko na sarki ne, in an ba ka shi safe da rana da dare zai gundure ka.

Akwai kuma abin da ya fi gundura damuna. Kafin taswirar kowace unguwa ta buɗe maka, sai ka hau ka gyara hasumiyoyin sa ido na kamfanin Oscorp, waɗanda ƴan sandan birnin ke saurare da leƙen jama'a da su. Ka gyara, laifuka su fara bayyana maka ɗaya bayan ɗaya. Babu inda jarumin ya tsaya ya tambayi kansa ko daidai ne a sa wa gari duka kunne, ga shi kuma kamfanin na magajin gari ne. Tun fitowar wasan wasu marubuta a Amurka suka soki wannan, kuma a wasan 2020 babu hasumiyoyin. Can gaba labarin ya kawo sojan hayar kamfanin Sable, masu kafa shingaye suna tsare mutane ba gaira ba dalili, ka yaƙe su. Wato masu wasan sun san mai iko yana iya zalunci, sai dai sun ɗora zaluncin duka a kan baƙi ƴan haya. Fursunonin da suka tsere kuwa, duk wanda ke sanye da rigar kurkuku dabba ne a wasan, babu mai suna, babu mai uzuri, duka kawai ya dace da shi. Octavius ya samu awa 20 a ji dalilinsa, su ko daƙiƙa ɗaya ba su samu ba.

Na daɗe a kan wannan saboda na san su wa ke riƙe da manet. Yaro a unguwanninmu ya san yadda ake tsayar da mutum a tambaye shi takarda don launin fatarsa ko harshen da aka ji yana yi, ko da a nan aka haifi ubansa. Ya ji labarin motocin da ke sauke mutane kusa da Assamaka. Irin wannan yaro in ya zauna awa guda yana kallon gari daga sama, mutanen lungu sun zama jajayen alamu a taswira, ba na cewa zai lalace, ban yarda wasa na lalata yaro haka da sauƙi ba. Ina dai so wani ya tambaye shi: da taswirar Tam ce, a ina kake jin za a sa jajayen alamun? Wa zai sa su?

Ba mamaki yaranmu sun fi son Miles Morales, baƙin saurayin da mahaifinsa ɗan sanda ya mutu yana kare mutane a cikin labarin. A wasan 2018 kuwa ba a yi masa adalci ba, shi da Mary Jane ƴar jarida. In aka ba ka ɗayansu sai a ƙwace maka lilo, a sa ka raɓe-raɓe bayan akwatuna, in mai gadi ya hango ka a mayar da kai baya. Niyyar tana da kyau, a nuna maka yadda birnin yake ga wanda ba shi da ƙarfin gizo. Aikin ne bai fita ba, hanya ɗaya ce tak aka shata, ka kauce ka faɗi. Sai a 2020 Miles ya samu wasansa na kansa a unguwar Harlem. Akwai kuma ƴan wasannin haɗa wayar lantarki a ɗakin gwaje-gwaje. Ni na ji daɗinsu, yara kuwa ba sa son ganinsu, kuma akwai wurin da za ka latsa a tsallake su.

Wani uba ya ce mini ya ji akwai aljanu a ciki. Sunan ƙungiyar ƴan ta'adda ne masu sa fuskokin dodanni, ba wani abin bauta ba. In za a ji tsoro, ga inda ya dace. Tsarin PEGI na Turai ya sa wa wasan shekara 16, lambar tana nan ɓaro-ɓaro a jikin kwali, ni kuwa na ga ɗan shekara 9 a kai. Babu jini malale, amma akwai wurin da ake taro a gaban ofishin magajin gari, masu ɗaure da bam a jiki suka tashe shi, sannan a ba ka Miles ka bi ta cikin ɓaraguzai da gawarwaki kana neman mahaifinka. Mu a garin nan mun ji ƙarar irin wannan a watan Maris 2012, lokacin da aka kai harin mota a hedkwatar jandarma. Ba abin da zan sa ƙaramin yaro a gaba ba ne shi kaɗai. Akwai soyayyar Peter da Mary Jane, har da sumba a ƙarshe, kuma ƙarin labaran da ake saye daban sun fi kauri ta wannan fuska, da wata ɓarauniya mai matsattsun kaya da maganganun da ba na yara ba. Ɗan shekara 14 ko 15 mai hankali, da babba a kusa, ban ga matsala ba. Ƙasa da haka, a bar shi da ƙwallo.

Harshe ma shinge ne. Faifan da na aro Faransanci yake yi. Akwai wanda aka fitar don Gabas ta Tsakiya da muryoyin Larabci. Yaronmu yana Hausa a gida, Darja da ɗan Tamahak a titi, Fusha a aji, ga Turanci da aka shigar firamare a 2022. Harsuna sun yi masa yawa, amma Faransancin da jarumin ke zubawa da gudu yana barkwanci a tsakiyar faɗa, ga hayaniyar ɗaki, ba ya kama ko rabinsa. A gida na kunna rubutun ƙasan allo na ƙara masa girma, akwai wurin yin haka a saituna. Na ce a raina, ga awa 20 na karatun Faransanci da yaro zai yi da son ransa, mu muna fama da shi ya karanta layi 10.

Abu ɗaya zan yaba ba tare da "amma" ba. Wasan ba ya buƙatar intanet, ba ya roƙon kuɗi a tsakiya. Duk rigunan da ke cikin ainihin labarin da wasa ake samun su. Wanda ya ga yadda Free Fire da PUBG ke tsotse kuɗin yara a waya, yau lu'ulu'u gobe sabuwar riga, kuma ba su da ranar ƙarewa, zai san darajar wasan da ke da farko yana da ƙarshe.

Da aka koma aji a Janairu na yi wani gwaji da ƴan shekara ta huɗu. Na rubuta musu labarin kwalba ɗaya a allo, ban faɗi daga ina na samo shi ba: wadda ta rene ka tana kwance, gari yana kwance, magani ɗaya ne. Na ce kowa ya rubuta layi 10, me zai yi, don me. Ajin da ba ya magana sai an matsa ya kaure da gardama har aka kaɗa ƙararrawa. Wata yarinya ta ce ai tsohuwar da kanta ba za ta yarda a ba ta ba, sai a tambaye ta. Wani ya ce wa ya tabbatar likitocin za su raba wa talakawa in sun yi? Yaron nan na ƙofar lakwal ya rubuta cewa shi innarsa zai ba, gari ya nemi nasa, kuma ya kare maganarsa da hujjojin da ban taɓa jin ya haɗa irinsu ba. Da na ce musu ƙarshen Spider-Man ne, ya zaro ido ya ce, "Shehi, wane Spider-Man ɗin?" Ya fi wata 6 yana buga shi.

Na koma wajen mai ɗakin wasan, saurayi ne mai kirki, na roƙe shi ya ware inji ɗaya ya buɗe wa duk yaron da ke so ajiyarsa da sunansa, PS4 tana iya haka ba tare da ko sisi ba. Ya ce, "Malam, yaran nan ba su da haƙurin kallon magana, duka suke so." Na ce a gwada da mutum uku. Ya yarda, da sharaɗin in ƴan ƙwallo sun yi yawa za a tashe su. Da uwar yaron kuma muka yi yarjejeniya: kuɗin karin kumallo na karin kumallo ne, wasa sai Juma'a bayan la'asar da Asabar, awa ɗaya-ɗaya, kuma ranar Lahadi ya kawo mini layi 5 na abin da ya faru a labarin. Makon jiya ya rubuto cewa an kori Peter daga ɗaki, ya tambaya a ƙasa ko a Amurka ma ana korar mutum don haya. A lissafina sai ya yi mako 10 kafin ya iso bakin gadon Inna May, jarrabawar BEM kuma tana tafe.